Maɓallin da garma ta tono a gonar gado

Ɗan Auyo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya muna huɗa a gonar gado kusa da wani kufai, sai garma ta turo wani maɓalli na tagulla. Akwai zaki da wata dabba kamar doki mai ƙaho ɗaya sun sa garkuwa a tsakiya, ga kambi a sama. Kawuna ya rantse na sojan Nasara ne da suka ci Hadeja. Ƙanena kuma har ya jiƙa tsamiya zai goge shi da toka. Ina neman shawara.

Maƙerin Ringim: Wa alaikumus salam. Kafin komai ƙwace shi daga hannun yaron nan. Tsamiya da lemon tsami suna cin tagulla, toka kuma tana kankare zane. Ni na taɓa lalata guda ɗaya haka, ya yi ƙyalli kamar na amarya amma rubutun bayansa ya tafi. Ruwa zalla da tsohon buroshin haƙori, sai tsinke don sakace ƙasar da ta maƙale. Ka shanya ya bushe sarai. Koren da ke jikinsa ka bar shi.

Malamin Tarihi: Gaskiyar maƙeri. Abin da ka kwatanta tambarin masarautar Ingila ne, kuma irin wannan maɓalli na gama-gari ne, ƙananan sojan Birtaniya sun sa shi tun 1871 har bayan yaƙin duniya na biyu. Saboda haka gabansa kaɗai ba zai ba ka shekara ba. Fara da kambin. Idan samansa ya yi tulluwa kamar an kife ƙwarya, na zamanin sarakuna maza ne, 1902 zuwa 1952. Idan tsakiyarsa ta lotsa, ko na Sarauniya Biktoriya ne, wato zuwa 1901, ko na Elizabet daga 1953. Sannan juya bayansa ka karanta mana abin da aka buga kewaye da kunnen da ake ɗinke shi.

Ɗan Auyo: To Malam, bari in wanke in gani.

Jikar Mazan Jiya: Ni ma ku taimaka min. Kakanmu ya je yaƙi ƙasar Bama (Burma), kuma a gwangwanin da ya bari akwai tambarin tagulla mai bishiya da haruffa RWAFF, da wani ƙyalle mai hoton mashi biyu a gicciye.

Malamin Tarihi: Hajiya, naki ya fi sauƙi. Bishiyar kwakwar manja ce, alamar rundunar sojan Afirka ta Yamma da Gwamna Lugga ya kafa a 1897. Da WAFF ake rubutawa, sai a 1928 aka ƙara R a gaba, wato Royal, ta sarki, aka kuma rushe rundunar a 1960. Duk abin da ke da R ɗin yana tsakanin nan. Ƙyallen kuwa ki duba da kyau, za ki ga masun a kan gammo suke. Alamar runduna ta 82 ke nan. Ta 81 gizo-gizo ce. Dukansu sun yi yaƙi da Japan a Bama. Kada ki raba su da gwangwanin, kuma idan akwai tsohuwar da ta san garuruwan da ya ambata, ki ɗauki muryarta a waya tun tana nan.

Direban Maigatari: Mu nan bakin iyaka wanda muke gani mai anga ne, irin ƙarfen da ake tsayar da jirgin ruwa. An ce na Faransa ne.

Malamin Tarihi: Haka ne, anga alamar sojan mulkin mallakar Faransa ce, kuma Damagaram ba nisa. Amma sojan ruwa na ƙasashe da yawa ma anga suke sawa, don haka nan ma sai an karanta baya.

Maƙerin Ringim: Wani abin kuma, a auna nauyi a tafin hannu. Wanda ya yi sakayau, yana ƙyalli ba ya kore, alminiyam ne, irin da sojan Ingila suka koma sawa bayan 1950. Kuma a daina rikita shi da anini na kuɗi. Shi anini huda gare shi a tsakiya da tauraro mai tsini shida, ba shi da kunne.

Ɗan Auyo: Na dawo. Kambin mai tulluwa ne. A baya an rubuta Buttons Ltd Birmingham, da wasu takubba biyu a gicciye.

Malamin Tarihi: To a ba kawu haƙuri. An ci Hadeja a Afrilun 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya rasu a fagen daga, shi kuwa kamfanin nan sai a 1907 aka kafa shi. Da sunan kamfanin Firmin ko Gaunt ka gani, da an sami abin musu, domin sun girmi yaƙin. Naka yana tsakanin 1907 da 1952. Kuma shekarar ƙera shi daban, ranar da ya faɗi a gonarku daban. Tsofaffin soja sun dawo gida da rigunansu, an yi ta sawa lokacin sanyi har rigunan suka mutu, yara suka yi wasa da maɓallan.

Ɗan Auyo: Kash! Kawu ba zai ji daɗi ba. Amma ya taɓa cewa wani mai unguwar kufan nan ya yi soja. Wani ɗan gwangwan ya taya ɗari biyar, in sayar?

Jikar Mazan Jiya: Haba ɗan'uwa, narkewa zai yi a tukunyar wani.

Malamin Tarihi: Ajiye shi a takarda, ba leda ba, ka rubuta rana da daidai inda ya fito. In ka shiga Kano ka biya Gidan Makama ka nuna wa ma'aikatan. In wani ya ce zai fitar da shi waje, ka sani kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Ɗan Auyo: Na gode ƙwarai. Gobe in sha Allahu zan je wurin kawu da goro in ji sunan mai unguwar nan, da shekarar da suka tashi daga kufan.