Wa ya taɓa shiga dajin Ngel Nyaki kallon tsuntsaye?

Ɗan_Jalingo: Salam jama'a. Ina so in hau Mambila in leƙa dajin Ngel Nyaki, ba don komai ba sai don in ga tsuntsaye da sheƙoƙinsu in ɗau hoto. Ta ina ake bi, kuma ya ake gano sheƙa a irin wannan duhun daji? Waya kawai gare ni fa.

Baffa_Gembu: Wa alaikumus salam. In ka wuce Serti ka hau dutse ta Mayo Selbe, ka sauka a Yelwa kafin Nguroje, daga nan sauran tafiyar ƙasa ce. Gandun gwamnati ne, sai ka nemi izini a haɗa ka da ɗan jagora. Ka taho da rigar sanyi da takalmin kirki, tudun wurin ya haura mita 1,400 sama da matakin teku, da asuba hazo ke rufe kwarin gaba ɗaya.

Maman_Ilham: Ƙanina ba a neman sheƙa da yawo, zama ake yi. Ka samu bakin daji inda ciyawa ta haɗu da itatuwa ka yi shiru tun sassafe, duk tsuntsun da ka gani da ciyawa ko tsutsa a baki yana komawa wuri ɗaya to ka bi shi da ido, shi zai kai ka. Ƙananan nan masu shan ruwan fure da yanar gizo-gizo suke ɗinke tasu, tana reto a ƙarshen reshe ƙofar a gefe, wallahi sai ka rantse tarkacen ganye ne iska ta maƙale. Amma don Allah kar ka taɓa, kar kuma ka karya reshe wai hoto ya fito, ka tona wa ƙwan asiri kenan wajen birai da macizai.

Sadiq_Bukuru: Da waya kam sai haƙuri malam, ɗigo baƙi za ka ɗauko 😂 ka ari madubin hangen nesa. Ni da za ka ji tawa ka fara da dajin Amurum kusa da Laminga a Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a wurin. Can ne ake ganin wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu da sai 1998 masana suka tantance shi, ga kuma wani ɗan baƙi da ba ya gina sheƙa sam, a ta jan yake zuba ƙwansa a rainar masa.

Ɗan_Jalingo: Na gode ƙwarai. Baffa ana samun wurin kwana a Yelwan ko sai na koma Nguroje?