Yaya za mu adana zanen yatsun ma'aikata ba tare da mun jefa su cikin haɗari ba?

Shugabar makaranta, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Makarantarmu ta sayi na'urar da malamai za su riƙa dangwala yatsa a kanta domin rajistar zuwa aiki, kuma wanda ya kafa ta ya ce bayanan za su zauna a kwamfutar ofis. Hankalina bai kwanta ba, domin idan aka sace kalmar sirri ana iya sauya ta, amma yatsa goma ne kawai Allah ya ba mutum. Shin akwai hanyar kulle waɗannan bayanai yadda ɓarawo ba zai amfana da su ba, kuma na'urar ta ci gaba da gane mutane daidai?

Injiniya, Samaru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Damuwarki tana kan hanya. A shekarar 2015 an yi wa ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka kutse aka kwashe zanen yatsun mutane miliyan 5.6, kuma babu ɗayansu da zai iya samun sabon yatsa.

Yawancin na'urorin suna auna wuraren da layukan yatsa suka ƙare ko suka rabu biyu, su mayar da su lambobi, su ajiye lambobin. Masu sayarwa kan ce wannan ya wadatar, amma masu bincike sun nuna ana iya sake gina zanen da zai ruɗi na'ura daga lambobin nan. Dabarar da ake yi wa kalmar sirri kuwa, ta niƙe ta da lissafin da ba ya komawa baya, ba ta aiki a nan, saboda yatsa ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu: yau an danna da ƙarfi, gobe an karkata shi kaɗan, sai sakamakon lissafin ya bambanta gaba ɗaya.

Shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan kare bayanai irin su zanen yatsa, wato ISO/IEC 24745, ta nemi abu uku: kada a iya komawa daga abin da aka ajiye zuwa ainihin zanen, kada a iya haɗa bayanan mutum na wani wuri da na wani, sannan a iya soke abin da aka ajiye a fitar da sabo daga yatsan nan. Ana cimma na ukun ta hanyar murguɗa lambobin da wani mabuɗi kafin ajiya. Idan an sace, sai a sauya mabuɗin. Sai dai murguɗawar takan rage ƙwarewar ganewa. A ganina mafi aminci ga makaranta shi ne bayanan su tsaya a kulle cikin na'urar ko a katin da kowane malami ke riƙewa, kamar yadda iPhone ta fara tsare zanen mai ita a wani keɓaɓɓen sashe a 2013, kada a tara su a kwamfutar da kowa ke sa filashi.

Ma'aikaciyar jinya, Wusasa:
Ina roƙon a kula da batun ganewar. Da hunturu fatar yatsa tana bushewa ta yi kaushi, kuma matan da ke yawan wanki da omo zanensu yana sulɓewa. A inda nake aiki na sha ganin dattijuwa tana shafa yatsa a goshi don ya sami maiƙo kafin na'ura ta karɓe ta. Kada a riƙa rubuta wa irin waɗannan latti.

Injiniya, Samaru:
Gaskiya ne, 'yar'uwa. Amma kada a magance wannan da sassauta ma'aunin na'urar, domin duk sassaucin da ya rage ƙin mai gaskiya yana ƙara yiwuwar karɓar wanda ba shi ba. Gara a yi wa kowa rajistar yatsa biyu ko uku, a kuma tanadi littafin sa hannu.

Lauya, Sabon Gari:
Hajiya, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya zanen yatsa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya (NDPC) ce ke sa ido a kanta. Ki bayyana wa malamai a rubuce dalilin ɗauka da tsawon lokacin ajiya, ki nemi amincewarsu, ki ba wanda bai yarda ba wata hanyar rajista, sannan a goge bayanan duk wanda ya bar aiki. Ki kuma sa mai kafa na'urar ya rubuta a yarjejeniya ko yana da kwafi a wajensa.