Tuta da bikin 1 ga Oktoba: shawarwarin da aka bayar

Mun yi mahawara kan ko ya dace a yi bikin 1 ga Oktoba, ranar 'yancin kan Najeriya, da yadda za a kula da tutar ƙasa. Mahawarar ta rabu gida biyu. Wasu na cewa da tsadar abinci da rashin tsaro, bikin me za a yi? Dattawan cikinmu suka ce 'yancin 1960 ba na gwamnati ba ne, don haka mai fushi da shugabanni kada ya huce a kan tuta.

An fi daɗewa kan tutar kanta. In ta koɗe ko ta yage, kamar waɗanda ke rataye a ƙofar makarantu har farin ya koma ruwan ƙasa, a sauke ta a sa sabuwa. Kada ta taɓa ƙasa. Matasa kuma, ku bar ganganci da babura ranar, nan kam na goyi baya. Wanda bai son biki, a ƙyale shi.