Me za mu kira "meridian" na masu allurar Sin?

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin rediyo kan maganin allura na ƙasar Sin, amma fassarar kalmar "meridian" ta gagare ni, wato inda suka ce ƙarfin jiki yake bi, wanda a kansa suke tsira allura. A wajensu manyan guda 12 ne, 6 suna bi ta ƙafa. Na mafitsara yana gangarowa ta bayan cinya ya ratsa tsakiyar sha-raɓa, na tumbi kuma ta gaban ƙwauri. In ce jijiya?

Likitar ƙashi: A'a Hajiya. Kayan jijiya sun riga sun yi mata yawa: ta jini, ta laka, har agara. Wurin da suke kira Zusanli, yatsa huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, tsoka allurar take shiga, wadda ke ɗaga ƙafa sama daga idon sawu. In an feɗe ƙafa za a ga tsokar, ba za a ga "meridian" ba. Kika ce jijiya, kin ba su abin da ba su da shi.

Ɗan Damagaram: Magudana.

Malamin Hausa: Magudana ai sai a tuna da kwata. Su Sinawa "jing" suke cewa, asalinta zaren tsaye na masaƙa, wanda abawa ke ratsawa. Ga ta nan a gida: zaren jiki. Bafaranshe ne ma ya laƙaba mata "meridian".

Ɗan Damagaram: Malam, in na ce zaren jikina na ciwo, tela za a kai ni.

Malamin Hausa: Da raini irin wannan muka wayi gari muna cewa kwamfuta, ga na'ura mai ƙwaƙwalwa a ajiye.

Ɗan Damagaram: Na'urar ma ai ta Larabawa ce, ranka ya daɗe.

Malamin Hausa: Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru daban ne da na jiya!

Likitar ƙashi: Ku dai Hajiya na jira. Ni "hanya" na fi so, a ce hanyar mafitsara, hanyar saifa.

Mai shirin lafiya: Hanyar mafitsara a rediyo? Masu ciwon sanyi za su cika mini waya. Zan ce "layin allura", in bi da sunan tsokar da yake bi ta kanta.

Malamin Hausa: Layi ma Turanci ne. Amma je ki, ki dai ambaci zaren ko sau ɗaya.