Musayar Waƙa: Shuni Ko Masara?

Marinin Ƙofar Mata:
Salamu alaikum. Ga nawa kan batun tallafa wa masu sana'ar fasaha a wannan matsi.

Karofi ya yi shiru, babu mai leƙowa,
Baban rini ya yi tsada, masu saye na gujewa.
Tun cire tallafin mai kasuwa ke mutuwa,
Gwamnati ta dubi marina kafin rufewa.

Ɗan Dawanau:
Baba marini, bar kukan shuni da toka,
Kwanon masara ya fi ƙarfin talaka.
Wa zai ci zane in yunwa ta shiga ɗaka?
A cika rumbu tukun, sannan a zo ga waƙa.

Malama Ta Gwale:
Ɗan Dawanau, kai mai auna hatsi da tiya,
Marini ma uba ne, yana ciyar da 'ya'ya.
A 1935 Amurka tana cikin wuya,
Roosevelt ya ɗauki masu zane aiki, ya biya.

Shirin WPA nake nufi, wanda Shugaban Amurka Roosevelt ya kafa don samar wa marasa aiki aikin yi. A 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba shi da aiki, duk da haka aka sa masu zane da marubuta da 'yan wasan kwaikwayo a albashi. Marubutan nan ne suka bi tsofaffin bayi gida-gida, suka rubuta labarin fiye da 2,300 daga bakinsu.

Autar Fagge:
Allah ya ƙara basira, Malama! Dawanau a tattara buhuna.

Ɗan Dawanau:
Malama, kin yi nisa, ki dawo mana Kano,
In an ware kuɗin, wa zai riƙe kwano?
Mai yi wa manya kirari shi za a gano,
Marinin Ƙofar Mata ba wanda zai tuno.

Mai Aruli:
Ku dakata. Ɗan Dawanau, a baitinka na farko ka haɗa "ɗaka" da "waƙa". Ka daban, ƙa daban, amsa-amo ya karye. Ke ma Malama, kin cusa shekara cikin ɗango har kari ya yi ɗingishi.

Autar Fagge:
Na Malama lafiyarsa lau. Rera shi ka ji.

Mai Aruli:
Na rera sau uku, ƙanwata. Gaɓoɓin sun yi yawa.

Ɗan Kurmi:
Kunne ke hukunci a waƙar Hausa, ba ma'aunin Larabawa ba. Ni ina bayan Dawanau.

Tsohon Malami:
Ku yi haƙuri, sai yanzu wuta ta dawo.

A 1933 gyaɗa ta faɗi a kasuwar duniya,
Aka sa gasar rubutun Hausa a Zariya.
Littafi biyar suka fito, mun sha su tun ƙuruciya,
Da an jira ƙoshi, da ba mu gaji ko ɗaya.

Mai Aruli:
Malam, da girmanka, kai ma shekarar ta karya maka kari.

Marinin Ƙofar Mata:
Ku bar faɗan ka da ƙa, 'ya'yana, ku ji ni,
Ba sadaka nake roƙo ba, aiki za a ba ni.
A sayi tsarabar baƙin gwamnati gun marini,
Yarana uku sun koma tuƙin Adaidaita, sun bar ni.

Ɗan Dawanau:
Baba, ranar Asabar zan kawo shadda biyu a rina mini. Amma maganar wa zai riƙe kwano, har yanzu Malama ba ta ba ni amsa ba.