Lanƙwasar bututun da ke riƙe ruwa a masai: wane suna za mu ba ta?

Mai fassara:
Assalamu alaikum, jama'a. Ina mayar da wasu bayanai na gyare-gyaren gida zuwa Hausa, irin gyaran da mutum zai yi da hannunsa ba sai ya kira ma'aikaci ba. Sashen ƙararrawar ƙofa bai ba ni wahala ba. Akwai madanni a bakin ƙofa, akwai siraran wayoyi biyu, akwai ƙaramar taransifoma da ke rage wutar gida zuwa tsakanin volt 8 da 24, duk muna da sunansu. Inda na cije shi ne sashen masai. Akwai wata lanƙwasa a bututu, a cikin jikin masan zamani da kuma ƙarƙashin kwamin wanke hannu, wadda kullum take riƙe da ɗan ruwa. Turawa na ce mata "trap". Na rubuta "tarko", amma raina bai kwanta ba. Ku taimaka.

Mai aikin famfo:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu dai a bakin aiki "tarap" muke cewa, mai shago ya gane, yaron aiki ya gane. Amma mai gida ba ya ganewa, kuma shi ne ya fi bukatar ya gane. Bari in faɗi aikinta tukuna, sai ku masu ilimin harshe ku yanke. Bututun da ya fita daga masai ya nufi sokawe ko babbar magudana, kuma ba ƙazanta kaɗai ke bi ta cikinsa ba, iska ma tana bi, sai dai ita sama take yowa. Cikinta akwai wadda ke da warin ruɓaɓɓen ƙwai, akwai mai kama wuta. Abin da ke hana ta shigowa ɗaki shi ne ruwan nan da kuke gani kwance a gindin masai bayan an kora. Zurfinsa kamar santimita 5 ne kawai. Ba saura ba ne da ya kasa wucewa, da gangan aka lanƙwasa hanyar don ya tsaya nan.

Ɗalibin injiniya:
Ni ban ga laifin "tarko" ba. Zobe ya faɗa kwamin wanke hannu, ina ake samo shi? Ai a nan. Gashi da ɓarɓashin sabulu ma nan suke maƙalewa. Abin da ke kamawa ai tarko ne.

Mai aikin famfo:
Ƙanena, wannan kamun ba shi ne aikin ba, tsautsayi ne. Idan ka ce wa mutum tarko, zai ɗauka an sa shi ne don kama datti, sai ya ga idan ba datti ba shi da amfani. Akwai masu cire lanƙwasar su sa miƙaƙƙen bututu wai don ruwa ya fi gudu, bayan kwana biyu su dawo suna cigiyar inda wari ke fitowa.

Malamar Hausa:
Na goyi bayan Malam mai famfo. Tarko a Hausa ɗana shi ake yi don a kama abu a riƙe, ɓera ko tsuntsu. Wannan kuwa tare hanya yake yi. Ga waɗanda suka zo mini a rai, tare da aibin kowanne. "Gwiwa" ta dace da siffar, amma masu aikin famfo sun riga sun ba kusurwar bututu wannan suna, kuma kusurwa ba ta riƙe ruwa. "Matoshi" kuwa haɗari ne, domin toshewa ita ce cutar bututu. Idan ka ce "matoshin ya toshe" ba wanda zai san lafiya kake nufi ko matsala. "Makarin wari" yana da daɗin faɗi, sai dai makari magani ne, mai karatu zai zaci wani abu ne da ake fesawa a banɗaki. Wanda ya fi kwanta mini shi ne daga "datse": madatsar wari.

Mai fassara:
Malama, ba za a rikita ta da madatsar ruwa ba? Ga shi kuma ita ma ruwa ne a cikinta.

Malamar Hausa:
Kalmar da ta biyo baya ita ke faɗin abin da aka datse. Madatsar ruwa ruwa take tarewa, da ƙasa ko kankare. Wannan wari take tarewa, da ruwa. Kusancin ma riba ne, domin duk wanda ya ji "madatsa" tunanin ruwa kwance zai fara zuwa masa, kuma abin da muke so ya tuna ke nan.

Ɗalibin injiniya:
To ni a nan ne nake da ja, kuma ba don gardama ba. Idan muka ce "wari", mun ƙasƙantar da abin. A 2003, lokacin cutar numfashi mai yaɗuwa da ake kira SARS, a wani rukunin gidaje masu hawa da yawa a Hong Kong mai suna Amoy Gardens, sama da mutum 300 suka kamu. Binciken da aka yi ya gano cewa lanƙwasar da ke ƙarƙashin rariyar ƙasa ta banɗakuna da dama ta bushe, saboda mazauna gidajen goge daɓe suke yi da tsumma, ba sa kwara ruwa ya bi ta rariyar. Ga kuma fanka mai zuƙe iskar banɗaki zuwa waje. Da an rufe ƙofa an kunna fanka, sai ta janyo iska daga babban bututun ƙazanta, ɗauke da ƙananan ɗigon ruwa masu ƙwayar cuta, ta shigo ɗaki. Ka ga ba maganar hanci ba ce kawai. Me zai hana mu ce "madatsar iska"?

Malamar Hausa:
Hujjarka mai ƙarfi ce, ɗana, kuma ya kamata labarin nan ya shiga cikin bayanin. Amma suna ba ya ɗaukar dukan bayani. "Iska" ta yi faɗi: tagar gilashi ma iska take tarewa, labule ma haka. Sannan ka san inda tunanin wasu zai tafi idan suka ji iska da banɗaki a jimla ɗaya, kada mu jawo wa Malam tambayoyin da ba na famfo ba. Wari shi ne alamar da mutum ke ji da kansa. Ranar da ya ji shi, sunan ya riga ya gaya masa inda zai duba.

Mai aikin famfo:
Wannan haka yake. Kuma hanyoyin da ruwan ke ɓacewa sanannu ne. Banɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, ruwan ya kan ƙafe da kansa, musamman da zafi. Maganinsa ka kwara ruwa a rariya da kwami lokaci-lokaci, ka kora masai ko da ba a yi amfani da shi ba. Wani lokaci zare ko gashi ne ya rataya a kan lanƙwasar yana tsotse ruwan kaɗan-kaɗan. Babba kuwa ita ce rashin bututun shan iska, wanda ake fitarwa ta saman rufi. Idan babu shi, ko tsuntsu ya yi sheƙa a bakinsa, ruwan da ke gangarowa da ƙarfi daga wani masan sai ya zuƙe na cikin lanƙwasar ya tafi da shi. Alamarsa ƙarar ƙululu da za ka ji a kwami alhali ba kai ka buɗe famfo ba. Shi ya sa ma a ƙa'idojin gini na Amurka aka daina yarda da mai siffar S a ƙarƙashin kwami, aka koma mai siffar P, domin ta farkon ta kan zuƙe ruwanta da kanta.

Ɗalibin injiniya:
Abin mamaki kuma mai siffar S ɗin ce uwar duka. Alexander Cumming, wani mai ƙera agogo ɗan Sikotilan da ke zaune a Landan, shi ya yi mata rajista a 1775. Na janye "iska". Amma saura tambaya ɗaya, Malama: madatsa ko madatsi? Ai kayan aiki da "i" suke ƙarewa, mabuɗi, ma'auni, magirbi. Wadda ke ƙarƙashin kwami kuwa kaya ce da ake saye, a kwance ta a ɗaura.

Malamar Hausa:
Madalla da wannan tambaya. Masu ƙarewa da "i" kayan aiki ne, masu ƙarewa da "a" galibi wuri ne, kamar makaranta, majema, mafaka. To wa ke aikin a nan? Ba roba ko tangaran ba ne ke tare warin, ruwan ne. Bututun wuri ne kawai da aka tanadar masa ya zauna. Lanƙwasa busasshiya ba ta datse komai, ko da sabuwa ce fil. A masai ma ba kaya ba ce daban, a jikin tangaran aka gina ta. Don haka ni "madatsa" zan ce, ruwan kuma "ruwan madatsa". Jam'i "madatsu", ba sabon abu.

Mai fassara:
Bari in gwada a jimla mu ji. "Idan kwami ya ƙi shanye ruwa, ajiye bokiti a ƙarƙashin madatsar wari, ka kwance zobba biyun da ke ɗaure ta da bututu da hannu, ka zubar da abin da ke ciki, ka wanke, ka mayar, sannan ka buɗe famfo don ruwan madatsa ya dawo." Ga ta biyu: "Kada a jera madatsu biyu a kan bututu ɗaya, iskar da ta maƙale tsakaninsu za ta hana ruwa gudu." Malam mai famfo, a bakin aiki za ta faɗu?

Mai aikin famfo:
Za ta faɗu. A shago dai "tarap" zan ci gaba da cewa, in ba haka ba a ba ni wani abin daban. Amma ga mai gida, madatsar wari ce. Ka ƙara a jimlar farko cewa a duba robar da ke cikin zoben kafin a ɗaure, idan ta tsage a canza ta, kuma kada a matse da sifana, hannu ya isa.