AS da AS: idan aka haifi mai sikila ɗaya, sauran sun tsira?

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum. An yi wa ƙanwata da maneminta gwajin kafin aure, dukansu AS ne. Dangin yaron sun ce ai ɗaya cikin huɗu ne, da an haifi mai sikila guda shi ke nan sauran ukun lafiya lau. Haka lissafin yake?

Malamin kimiyya, Makka: Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa rabon. Uwa za ta ba da A (lafiyayyar ƙwayar gado) ko S (ta sikila), uba ma haka, don haka a kowace haihuwa AA kashi 25 ne cikin ɗari, AS 50, SS (wato mai sikila) 25. Cikin da ya wuce ba ya rage wa mai zuwa komai, kamar jefa kwabo ne. Idan 'ya'ya huɗu za su haifa, yiwuwar dukansu su kuɓuta ita ce 81 cikin 256, kusan kashi 32 kacal. Wato kashi 68 a samu aƙalla SS ɗaya.

Ma'aikaciyar lab, Madina: Malam ya gama lissafi. Ni dai a duba wane gwaji aka yi. Gwajin gaggawa na sikila yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS. Sai electrophoresis ko HPLC, gwaje-gwajen da ke tantance nau'in haemoglobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar oksijin. Kuma in an yi wa mutum ƙarin jini cikin wata ukun da suka wuce, jinin mai bayarwa zai rikita sakamakon, har SS ya fito kamar AS. A duba HbA2 ma, wani nau'in haemoglobin: idan ta haura kashi 3.5 cikin ɗari, ana zargin talasimiya, wata cutar jini ta gado, ita ma in ta haɗu da S ciwon sikila take kawowa. Haka C, wani nau'in haemoglobin da ya bambanta da A da S, wadda ake samu a mutanen Afirka ta Yamma.

Likita, Jidda: Tushen abin canji ɗaya ne a ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 11: sinadarin valine ya maye gurbin sinadarin glutamic acid a mazauni na 6 na sarƙar haemoglobin. Da iskar oksijin ta yi ƙasa sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayya kan yi kwana 120, wannan 10 zuwa 20. Kada lafiyar jariri ta ruɗe ku, jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi har kusan wata 6. Tun 2004 Saudiyya ta wajabta gwajin amma ba ta hana auren, don haka su je asibitin ba da shawara tare, da iyayensu, kafin a sa rana.